Tsutsar da ta fi son fari

Ina ɗalibi na fara ganin nematod, wato ƙananan tsutsotsin nan na cikin ƙasa, da idona. An ba mu ƙasa cikin cokali, muka naɗe ta a ƙyalle mai laushi, muka ɗora a mazurari cike da ruwa, muka bar ta kwana biyu. Da muka ɗebo ɗigon da ya taru a gindin mazurarin muka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ga su: sirara kamar zare, jiki garau har ana hango hanjinsu, suna ta lanƙwasa dama da hagu. A matsayin abokan gaba aka koya mana su, masu lalata saiwar shuka. Na daɗe ina musu wannan kallo, har na ci karo da labarin wata guda ɗaya da ke zaune inda babu saiwar da za a lalata, kuma tun daga nan ba ta fita daga raina ba.

A Antatika, can ƙuryar kudancin duniya, akwai wasu kwaruruwa da ake kira Busassun Kwaruruwan Makmado. Nahiyar kusan duk ƙanƙara ce, amma su nan ƙasa ce tsirara, tsakuwa da yashi da gishiri. Iska mai ƙarfi tana gangarowa daga tudun ƙanƙara tana lashe ɗan danshin da ya sauka, matsakaicin sanyin shekara kuwa yana wajen digiri 20 ƙasa da sifili. Da Robat Sikot, mai binciken ƙasa ɗan Birtaniya, ya shiga ɗaya daga cikinsu a 1903, wanda yanzu ake kira Kwarin Tela, ya rubuta cewa bai ga wani abu mai rai ba, ko gansakuka, ya ce kwarin matattu ne. Ba na ganin laifinsa. Da ido ya duba, abin kuwa yana ƙarƙashin takalminsa.

Sunanta Scottnema lindsayae, an bayyana ta a 1971, kuma sunan Sikot ɗin aka liƙa mata. Tsawonta da ƙyar ya kai milimita 1. Bakteriya da yis take ci, kuma a yawancin ƙasar wurin babu dabbar da ta kai ta yawa. Abin da ya kama ni shi ne inda take zaɓa ta zauna. Hankali zai ce bakin rafi, inda ƙanƙara ke narkewa na 'yan makonni a Disamba da Janairu. A'a. Bakin rafi na wasu ne, Plectus murrayi da Eudorylaimus antarcticus, masu son laima. Ita can nesa take, cikin busasshiyar ƙasa mai gishiri, sau da yawa ita kaɗai. Akwai kuma wuraren da gishirin ya yi yawa har ita ma ba ta nan: kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar da aka ɗebo a kwaruruwan, ba a sami nematod ko ɗaya a ciki ba.

Idan ruwa ya ƙafe, sai ta naɗe jikinta kamar gammo, ta zubar da kusan duk ruwan jikinta, ta tsayar da komai. A haka iska ke ɗaukarta da ƙura ta kai ta wani wuri. Na taɓa ganin irin wannan da wata tsutsar daban, a busasshen gilashin gwaji. Na ɗiga mata ruwa na zauna. Da farko ba komai, sai jikin ya fara cika, naɗin ya saki kaɗan, can wutsiya ta motsa. Har yau ina tuna yadda na riƙe numfashi. Ita Scottnema rayuwarta ke nan, ta farka na 'yan kwanaki ta koma. Ko a ɗakin gwaji mai ɗumin digiri 10, daga ƙwai zuwa ƙwai kwana 218 take ɗauka. A gidanta sai ta haɗa bazara da bazara kafin ta kammala.

Arewacin duniya ba haka yake ba. Wani babban bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa kowane mutum ɗaya yana da nematod biliyan 57 a ƙasa, kuma kaso mafi girma, 38 cikin 100, yana yankunan sanyi da ke dab da Aktik, inda ruɓaɓɓen ganye ya jibgu shekaru aru-aru. A can ne, a Saiberiya kusa da kogin Kolima, aka farfaɗo da wata daga daskararriyar ƙasa mai shekara 46,000. Wannan labari ya zaga duniya a 2023, kuma ya cancanta. Amma ni na kudu ne ya fi taɓa ni.

Tun 1993 masana ke ƙirga tsutsotsin Kwarin Tela kowace shekara, cikinsu har da marigayiya Dayana Wol, wadda ta shafe shekaru sama da 25 tana komawa can, har aka sa wa wani kwari sunanta. Tsakanin 1993 da 2005 yawan Scottnema ya ragu da kashi 65 cikin 100, kuma a yawancin shekarun nan wurin ƙara sanyi yake yi. A bazarar 2001 zuwa 2002 kuma aka yi ɗumin da ba a saba ba, ƙanƙara ta narke, rafuka suka cika, ruwa ya jiƙa ƙasar da ta daɗe a bushe. Daga nan irin wannan narkewa ta riƙa dawowa. Mutum zai zaci rahama ce ta sauka mata. Ƙirgar ta nuna akasin haka: masu son laima suna ƙaruwa suna bazuwa, ita tana ja da baya. Ga shi kuma ita ce ke ɗauke da wani kaso na juya sinadarin kabon a wannan ƙasa, inda babu wasu da yawa da za su karɓi aikin.

Duk lokacin da na ɗiga ruwa a gilashin gwaji yanzu, ita nake tunawa, a naɗe a tsakanin tsakuwa, ruwa yana matsowa wajenta daga bakin rafi.