Ajiye Shugabancin Makarantar Katolika: Abin da Na Miƙa da Yadda Na Miƙa Shi

Shawarar sauka daga shugabancin makarantar Katolika da na daɗe ina riƙewa ta jima a raina kafin in furta ta, domin babu wanda ya nemi in tafi, kuma ciwo bai kwantar da ni ba. Abin da na lura da shi shi ne, ƙarfin da nake da shi na zagaya azuzuwa, da sauraron malami har ya gama koke-kokensa, da zama da iyayen da ransu ya ɓaci har su huce, ya fara ja baya, alhali aikin bai ragu ba ko kaɗan. Ikilisiyarmu ba ta ɗauki sauka daga kujera abin kunya ba. Kundin dokokinta na 1983 ya nemi kowane bishop mai riƙe da dayosis, wato yankin coci-cocin da ke ƙarƙashinsa, ya miƙa takardar murabus idan ya cika shekara 75, kuma a watan Fabrairun 2013 Fafaroma Benedict na 16 da kansa ya sauka, yana mai bayyana cewa tsufa ya rage masa ƙarfin da aikin yake buƙata. Wannan ya sauƙaƙa mini duban halin da nake ciki ba tare da yaudarar kai ba.

Bishop ne mutum na farko da na sanar, tun kafin malamai su ji, saboda makarantar amana ce a hannuna daga gare shi. Doka ta 803 a kundin dokokin Ikilisiya ta hana kowace makaranta ɗaukar sunan Katolika sai da yardar hukumar Ikilisiya, doka ta 806 kuma ta ba bishop ikon sa ido a kan makarantun Katolika da ke yankinsa da ziyartarsu. Na roƙe shi a ba ni shekarar karatu guda kafin in tafi, domin a samu lokacin neman magaji a natse, ya kuwa amince. Daga nan na gaya wa hukumar gudanarwa, sannan malamai, sannan iyaye da ɗalibai, kuma na kiyaye wannan jeri da gangan, domin malamin da ya fara jin labarin tafiyar shugabansa a bakin yaro zai ji an raina shi, kuma yana da gaskiya.

Miƙa mabuɗai da littattafan kuɗi da takardun ma'aikata bai ba ni wahala ba, tunda abubuwa ne da suke a rubuce, kuma mai binciken kuɗi ya duba su ya sa hannu. Wahalar tana cikin abin da na daɗe ina ɗauke da shi a ka ba tare da na taɓa buƙatar rubuta shi ba. Akwai yaran da ake yafe wa kuɗin makaranta a asirce, waɗanda ko malaman ajinsu ba su sani ba. Akwai marayun da wani mai alheri yake biya musu bisa sharaɗin kada a ambaci sunansa. Akwai malamar da aka sassauta wa jadawali saboda tana jinyar mahaifiyarta, da yaron da kotu ta hana a miƙa shi ga ɗaya daga cikin iyayensa idan an tashi. Idan shugaba ya fita da irin wannan sani a kansa, mafi rauni a makarantar ne suke fara shan wuya, domin su ne ba su da bakin da za su je ofis su ce an yi musu alkawari. Saboda haka na zauna na rubuta kowane al'amari da dalilinsa da wanda ya san da shi, na ware abin da ya shafi kare yara daga cutarwa a rufaffen wuri kamar yadda ƙa'ida ta tanada, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya tare da wadda ta gaje ni, baki da baki. Sanarwar Majalisar Vatican ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Katolika, kan ilimin Kirista, wadda ta fito ranar 28 ga Oktoban 1965, ta yi kira da a kula musamman da matalauta, da waɗanda suka rasa gatan iyali, da waɗanda ba sa cikin bangaskiyarmu. A ganina, a nan ake auna ko makaranta ta cancanci sunan da ke rubuce a ƙofarta.

Abu na biyu da ya ci mini lokaci shi ne ruhin makarantar. Sistoci, wato matan da suka keɓe rayuwarsu ga hidimar Allah, su ne suka kafa ta, kuma a zamaninsu ba a buƙatar dogon bayani, domin rayuwarsu ta addu'a da sadaukarwa tana gaban kowa. Ni ba Fada ba ne, magajiyata ma ba Sista ba ce, kuma haka lamarin ya koma a makarantun Katolika da yawa tun da masu shiga rayuwar keɓewa suka ragu a ƙasashe da dama. Tun 1982 fadar Vatican ta fitar da takarda ta musamman kan matsayin malaman da ba limamai ba ne kuma ba masu rayuwar keɓewa ba ne a makarantu. Abin da a da ake sha daga zama da Sistoci, yanzu sai an koyar da shi da niyya. Na yi amfani da shekarar ƙarshe wajen zama da sababbin malamai, ina bayyana musu dalilin da ya sa muke fara rana da addu'a, da dalilin da ya sa ba ma tilasta wa yaron da ba Katolika ba abin da ya saɓa wa imanin gidansu, da kuma dalilin da ya sa addini ba ya zama uzurin raunin karatu, tunda dokar ta 806 ɗin nan ta ɗora wa shugabanni nauyin tabbatar da cewa koyarwarsu ba ta gaza ta sauran makarantun yankin ba.

Ba ni na zaɓi magajiyata ba, kuma ina ganin haka ya fi. Mataimakiyata ce, ta nemi aikin tare da wasu, aka tantance su, Bishop ya naɗa ta. Abin da ya rataya a wuyana shi ne in bar ta ta jagoranci taron malamai, ta tsara kasafin kuɗi, ta fuskanci iyaye masu ƙorafi tun ina nan, ina zaune a gefe ban sa baki ba sai ta nema.

Bikin ban kwana ya zo ya wuce da Mas na godiya, wato babbar sujadar Katolika, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Abin da ya biyo baya ne ya fi nauyi. Mutumin da ya saba ƙararrawa ce take raba masa yini sai ya wayi gari babu mai jiran sa hannunsa, kuma na yi makonni ina farkawa da tunanin abin da ya kamata a faɗa wa yara a taron safe. Sannan waya ta fara ƙara. Wani malami ya kira yana cewa, “Ranka ya daɗe, da kana nan da ba a yi mana haka ba.” Wata uwa ta zo har gida tana roƙon in yi magana a kan ɗanta da aka dakatar. Na karɓi kowa da mutunci, na saurare shi, amma amsata ɗaya ce, wato ya koma wurin shugabar makaranta, domin duk kalmar da na faɗa a kan hukuncinta za ta raba malamai gida biyu, yara kuma su ne za su kwana a ciki. Na kuma yanke wa kaina cewa ba zan taka harabar makarantar ba sai da gayyatarta.

Sarki goma zamani goma, kuma ta sauya abubuwa da dama. Wasu sun fi nawa kyau nesa ba kusa ba, musamman yadda take aika wa iyaye sakamakon yara ta waya da yadda ta buɗe wa ƙananan malamai ƙofar faɗin ra'ayi. Akwai kuma wanda har yanzu ban gamsu da shi ba, wato mayar da Mas na makaranta daga safiya zuwa ƙarshen yini, lokacin da yara suka gaji hankalinsu ya koma gida. Da ta gayyace ni ta tambayi ra'ayina, na faɗa mata dalilaina filla-filla, ita ma ta bayyana mini cewa limamin da ke zuwa yana da wasu coci-coci da yake bi da safe, kuma ba ta son a ci gaba da rasa darasin farko. Ta bar shi a yadda ta tsara, ni kuma ban sake tayar da maganar ba, a gabanta ko a gaban wani.