Ku bar katako ya sha hunturu kafin ku sa masa zarto

Tsakiyar watan Janairu ne, sanyi ya kankama, can cikin dare muka ji wata ƙara a falo kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Na fito da tocila na haska ko'ina, ban ga komai ba. Sai da gari ya waye yara suka zo ɗaukar littattafansu, babbar ta kira ni. Teburin da na haɗa musu da hannuna wata biyar baya ya tsage daga baki har kusan tsakiya, tsagar da fensir ke shiga. Allunan saman ma kowanne ya tanƙware gefe ya ɗago, in an ajiye kofin shayi sai ya karkata.

Ni ba kafinta ba ne. Koyarwa ce sana'ata, aikin katako kuwa sha'awa ce da nake ba ranakun Asabar da lokacin hutu. Yanzu ina ganin matasa da yawa sun shigo wannan sha'awa, suna kallon bidiyo a waya suna son haɗa kanta ko benci da kansu, kuma abin yana faranta mini rai. Shi ya sa, ƙannena, nake son ku ji inda na yi tuntuɓe.

Katakon wancan tebur a watan Agusta na saye shi, ranar da tirela ta sauke kaya daga Kudu. Na ɗaga allo na ji nauyi, na shafa na ji sanyi, ga ƙamshin sabon yanka, sai na ɗauka alamar inganci ke nan. Mai sayarwa bai yaudare ni ba, ni ne ban tambaya ba. A makon nan na yanka, na goge, na jera alluna uku na danne su da ƙusa a jikin firam ta kowane ɓangare, na shafa banish a sama. Kowa ya gani ya yaba.

Da ya tsage, sai na je wurin wani dattijon kafinta a unguwarmu, mutumin da na daɗe ina wucewa ta gaban rumfarsa da sallama kawai. Na ce, "Baba, don Allah ka zo ka duba mini wani abu." Ya zo, ya duba, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Malam, yaushe ka sayi katakon nan?" Na ce da damina. "Yaushe ka sa masa ƙusa?" Na ce a makon. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ai ruwa ka saya, ɗana. Ruwan ya tafi, ƙusa kuma ta hana katako binsa, dole ya yage."

Maganar nan ita ce tushen duk abin da na koya daga baya. Yawancin katakon da ke kasuwanninmu, ko a Na'ibawa a Kano ko a Sabon Garin Zariya, daga dazuzzukan Kudu yake zuwa, irin su Ondo da Edo da Kuros Riba, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara. Ya iso mana cike da ruwa. Mu kuma da hunturu iskarmu bushewa take har leɓe ya tsage, kuma yadda take zuƙe ruwan fatar mutum haka take zuƙe na katako. In ruwan ya fita sai katako ya motse, amma ba ta kowace fuska ba. Tsawonsa kusan ba ya raguwa, faɗinsa ne ke tafiya. Allo mai faɗin santimita 30 da aka yanko ɗanye yana iya rasa kusan santimita 1 kafin ya gama bushewa. Teburina faɗinsa santimita 90 ne, wato wajen santimita 3 yake neman ya janye, ni kuma na ɗaure shi a jikin sandunan da ba sa raguwa. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A aikin katako, in ka yi aiki da ɗanye, shi zai tanƙware da kansa ta inda ba ka so.

Yanzu ga yadda nake yi. In zan yi aiki bayan ƙaramar Sallah ko a dogon hutu, tun wata uku ko huɗu baya nake sayen katako, kuma na fi so ya kwana hunturu guda a gidana. Ina jera shi a zaure, cikin inuwa, ba a rana ba, don rana tana busar da fuska da sauri ciki na nan jiƙe, sai ya faffashe. Ina ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo. Tsakanin kowane allo da na samansa ina sa ƙananan sanduna masu kauri ɗaya, kowane rabin mita, kuma kowace sanda daidai saitin ta ƙasanta, domin iska ta ratsa kuma nauyi ya sauka a miƙe. A can sama sai in ɗora bulo biyu ko uku. Bakunan allunan ina shafa musu ragowar fenti, saboda ta baki ruwa ya fi saurin fita, kuma daga nan tsaga ke farawa. In ina son sanin ko ya bushe, ba na dogara da shafawa. Allo ɗaya nake warewa, in ɗora shi a sikeli duk mako in rubuta nauyinsa da fensir a jikinsa. Ranar da nauyin ya daina raguwa mako biyu ko uku a jere, ya isa aiki.

Ko bayan ya bushe ba ya daina motsi. Da damina ya ɗan kumbura, da rani ya koma, har abada. Duk wanda ƙofar ɗakinsa ke cijewa a watan Agusta ta kuma saki a watan Fabrairu ya san haka. Don haka kada ku ɗaure saman tebur tamau. Ku huda ramin sukuru a jikin firam ya zama mai ɗan tsawo ta ɓangaren faɗin allo, yadda sukurun zai iya matsawa kaɗan. Kuma in za ku shafa banish ko fenti, ku shafa sama da ƙasa da gefuna. Ni sama kawai na shafa don nan ido ke gani, sai ƙasan ya riƙa shan iska shi kaɗai, wannan ya ƙara wa allunan tanƙwarewa.

Kuskurena na biyu ƙusa ce. Na ɗauka yawan ƙusa shi ne ƙarfi. Na yi wani benci na zaure, kowace kusurwa ƙusa huɗu 'yan inci 3, amma kafin shekara in mutum biyu suka zauna sai ya riƙa lilo, wata rana kuma ƙafa ɗaya ta buɗe da baƙo a kai. Allah ya kiyaye bai ji ciwo ba, amma dattijo ne, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ƙusar da aka buga ta bakin katako, tana bin zarensa, ba ta da riƙo. Gam ma haka, in aka shafa shi a baki sai katako ya shanye shi. Abin da ke riƙe kujera da benci shi ne katako ya shiga cikin katako: a fafe rami a jikin ƙafa, a sassaƙa harshe a bakin sandar da za ta haɗu da ita, kaurin harshen kamar kashi ɗaya cikin uku na sandar, ya shiga da ɗan bugu, sannan a sa gam a matse. In ba ku da ƙarfen matsewa, ku yanka tsohon tiyub na babur ku naɗe da ƙarfi, ya kwana. Na ɓata gutsattsarin katako sun fi ashirin kafin haɗin farko ya zauna daidai, kuma ban yi asara ba. Masassaƙanmu na gargajiya sun kauce wa wannan matsala gaba ɗaya, domin turmi da akushi da kujerar tsugunno daga gungume ɗaya suke fitar da su da gizago, babu haɗi balle ya saki. Shi ya sa kujerar kakarku ta riga ku zuwa duniya kuma tana nan.

In katako mai tauri ne, ku fara huda ƙaramin rami kafin sukuru ko ƙusa, musamman kusa da baki. In ba haka ba zai tsage a hannunku.

Awo kuma, kada ku yarda da suna. Abin da ake kira tu-bai-fo a kasuwa ba lallai ya cika inci 2 da inci 4 ba, kuma biyu daga tari ɗaya suna iya bambanta. Ku auna kowanne. Ku tuna zarto ma yana cin nasa, na inji wajen milimita 3 a kowane yanka, don haka a yanka ta wajen layi. Kafin gam ya kama, ku auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangarorin biyu, in awon ya zo ɗaya to akwatinku ya miƙe. Tsayin tebur wajen santimita 75, mazaunin kujera wajen 45. Waɗannan ba a banza aka tsaya a kansu ba, jikin mutum ne ya tsayar da su.

Sai kantar littattafai. Na sayi allon MDF saboda santsinsa da araha, na yi kanta mai faɗin mita 1 da rabi babu tokari a tsakiya. Wata shida ta yi ciki kamar baka. Littattafai suna da nauyi fiye da yadda ido ke gani, kuma lanƙwasar allo ba daidai da tsawonsa take ƙaruwa ba, in ka ninka tsawon sai ta ninku sau da yawa. Allo mai kaurin milimita 18 kada ya wuce santimita 80 ba tokari, ko kuma a manna masa sanda a tsaye ta gaba. Ƙasan kantar kuma, ruwan gugar daɓe ya riƙa taɓa shi har ya kumbura ya zama kamar burodin da ya jiƙe, domin MDF garin katako ne aka danne da gam, in ya sha ruwa ba ya komawa. Araha ba ta ado. Filawud mai kyau ya fi shi nesa, kuma ko shi a yi masa ƙafafu ya bar ƙasa. Duk kanta ko kabad mai tsayi, a ɗaure ta da bango, domin yaro zai taka ta ya hau ko kun hana.

Ku san itacen da kuke saya. Obeche fari ne, mara nauyi, mai daɗin yanka, ya dace da koyo, amma ƙwari suna sonsa, in kuka ga gari-gari na zuba a ƙasa sun riga sun shiga. Malaina tana jinkirin bushewa, amma in ta bushe tana zama lafiya. Maɗaci da iroko su ne na abin da ake so ya yi ƙarko, sai dai ƙurar iroko tana sa atishawa da ƙaiƙayi, a rufe hanci. A yawancin itatuwa, jan ciki ya fi farin gefe jure gara. Abin da zai taɓa ƙasa ko ya jingina da bangon ƙasa a shafa masa maganin gara, amma baƙin man injin da wasu ke shafa wa katakon rufi kada ya kusanci abin da yara za su taɓa ko za a ci abinci a kai. Akwai kuma itacen da na daina nema duk da kyansa, wato madobiya. An sare ta ba ƙaƙƙautawa a Taraba da maƙwabta ana fitarwa zuwa Sin, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa wa cinikinsu takunkumi. Ba na son teburin sha'awata ya zama cikin dalilan ƙarewarta.

Akwai tabo a tafin hannuna na hagu, ɗinki biyar. Cizal ne, wato ƙarfen fafe rami a katako, da ya dakushe, na danna da ƙarfi, hannuna na riƙe da katako a gabansa, ya zame. Makami mai kaifi ya fi dakusasshe aminci, domin ba ya buƙatar ƙarfi. Ku koyi wasa cizal a dutse kafin ku koyi amfani da shi, ku ɗaure katako kada hannu ya zama shi ne mariƙi, kuma hannaye biyu su kasance bayan kaifi. Tina, wato ruwan sirka fenti, da banish suna kama wuta nan take, kada a buɗe su kusa da murhu ko janareta, kuma a yi shafa a inda iska ke wucewa. In kun gaji ko magariba ta kawo kai, ku ajiye. Ranar da na yanke, saura rami ɗaya ne na ce bari in ƙarasa.

Wani abu kuma da ban zata ba: da dangi suka ga na fara iyawa, sai saƙo ya yi yawa, wannan gado, wannan wadirob na kayan ɗakin amarya, ni kuma kunya ta hana ni cewa a'a. Na karɓi aikin da ya fi ƙarfina, na yi shi cikin gaggawa, bai yi kyau ba, aka ji haushi ta kowane ɓangare. Yanzu in aka zo da irin wannan, rumfar Baba nake nunawa. Shi da yaransa da wannan suke ci, kuma sun fi ni iyawa. Ku ma ku nemi irinsa a unguwarku. Ku je da ladabi, ku riƙe masa allo, ku share ƙura, ku saya masa goro, in ya yi muku yanka a injinsa ku biya ba tare da ciniki mai tsanani ba. Bidiyon da kuke kallo yawanci an ɗauke shi a ƙasashen da ake sayar da katako busasshe daga tanda, mai yin sa bai san hunturun Katsina ba.

Teburin nan ban jefar da shi ba. Baba ya sa na cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, muka yanke wurin tsagar, muka rage faɗin allunan muka sake goge su, na haɗa da gam, na ɗora saman da sukuru cikin ramuka masu tsawo. Ya ragu da kusan tafin hannu. Wadda ta kira ni a waccan safiyar, a kansa ta yi karatun jarrabawar gama sakandare, yanzu ƙannenta ke amfani da shi. A zaure kuma akwai alluna shida na maɗaci da na jera tun Oktoba, na kantar da zan yi wa Inna. Na auna na gwaji ranar Juma'a, har yanzu yana raguwa.