Kwana shida ina tafinta ga matan Yahudawa a Maroko

Ranar da mai kamfanin da nake wa aiki a Kasablanka ya ce akwai baƙi daga Amurka, mata ashirin da biyu, dukansu Yahudawa, kuma ni zan bi su ina tafinta, sai da na yi jim. Ni 'yar Damagaram ce. Karatu ya kawo ni Maroko, aiki ya zaunar da ni, kuma har lokacin ban taɓa zama da Bayahude mun ci abinci ba. Da dare na kira Inna na gaya mata. Ta ce, "Baƙo ai baƙo ne. Ki riƙe sallarki, ki yi aikinki." A farkon shekarar 2019 ke nan.

Tun a filin jirgi na lura da yawansu sun maƙala ɗan zaki na zinariya a ƙirji. Shugabar tawagar ta ce sunansa Zakin Yahuza. Wasu mata biyu ne suka ƙirƙiro shi a Miami a 1972, kuma mace ba ta saka shi sai tana ba da aƙalla dala 5,000 duk shekara ga asusun al'ummarsu, da sunanta, ba da sunan miji ba. Wani kaso na kuɗin yana fita waje ta hannun ƙungiyoyi irin su JDC, ƙungiyar agaji ta Yahudawan Amurka wadda aka kafa a 1914, mutanen nan kuma suna ce mata "Joint" kawai. To waɗannan matan sun zo ne su ga mutanen da kuɗin ke isa gare su.

Mutanen kuwa sun yi kaɗan. A ƙarshen shekarun 1940 Yahudawan Maroko sun kai kusan 250,000. Yau ba su wuce 'yan dubbai kaɗan ba, yawancinsu a Kasablanka, kuma tsofaffi sun fi yawa. 'Ya'ya sun watse Isra'ila da Faransa da Kanada. Ranar farko mun je gidan tarihin Yahudawan Maroko da aka buɗe a 1997, da majami'ar Bet El mai tagogin gilashi kala-kala. Aikina ya tafi daidai, don bango da tufafin amare ba su da wuyar fassara.

Wuyar tana rana ta biyu. Aka raba mu kashi-kashi, ni da mata huɗu da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a muka hau bene na uku a wani tsohon gini, wurin wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai. Asusun ne ke biyan maganinta da mai zuwa yi mata aikin gida. Tana buɗe ƙofa na gane ta kwana tana shiri: ta sa doguwar rigarta ta biki, ta jera kofunan shayi, ta soya wani abu mai zuma. Ba mu gama zama ba ɗaya daga cikin baƙin ta ɗaga waya ta fara ɗaukar hoto, har da kwalayen magani a kan tebur. Sannan ta ce min, "Tambaye ta me take buƙata."

Na fassara kamar yadda aka faɗa. Kuskurena ke nan, kuma har yau yana ci min rai. Fuskar tsohuwar ta rufe nan take. Ta gyara zama ta ce da Larabcin Maroko, "'Yata, gaya musu ba na buƙatar komai, alhamdu lillahi." Haka ta faɗa, da wannan kalmar. Ɗakin ya yi tsit, shayi yana hucewa.

Ni da na tashi a gidan da ba a tambayar baƙo me ya kawo shi sai ya sha ruwa, ya kamata in san cewa matar nan a matsayin mai masauki ta tarbe mu, mu kuma muka mai da ita mai karɓa a cikin ɗakinta. Na ce wa baƙin su ajiye waya, su ɗauki kofi. Na juya gare ta na ce, "Lalla, wannan soyayyen abu wa ya koya miki?" Sai ga magana. Kakarta ce, a Sefru, kusa da Fas. Ta ba mu labarin tukunyar dafina, ta nama da ƙwai da dankali, da ake kai wa mai gidan burodi ranar Juma'a kafin rana ta faɗi, ta kwana a wuta don ba a hura wuta ran Asabar, da yadda maƙwabtansu Musulmi ke kawo musu gari da man shanu daren Mimuna, bikin da Yahudawan Maroko ke yi idan idinsu na Ƙetarewa ya ƙare. Sa'a biyu muka yi. Muna sauka matakala ma'aikaciyar ta raɗa min cewa a tsakiyar hirar ne tsohuwar ta ambaci na'urar dumama ruwanta ta lalace tun shigowar sanyi, abin da ta ɓoye mata wata biyu.

Matar da ta ɗauki hoton ta goge shi a gabana a cikin mota, tana hawaye. Ban ga laifinta sosai ba. Ta ba da kuɗinta shekara da shekaru, tana son ta koma da abin nuna wa ƙawayenta don su ma su bayar. Niyya mai kyau ce. Amma tun daga ranar na sa wa kaina doka: kafin mu shiga kowane gida sai na ce a bar waya a jaka, a karɓi duk abin da aka miƙo, a fara da tambayar asali da iyaye. Kuma na daina ɗaukar tafinta a matsayin juya kalma kawai.

Akwai ƙananan abubuwa da na koya da gudu. Baƙin nan ba sa haɗa nama da madara a cin abinci ɗaya, don haka sai na duba kicin tun kafin a zauna. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar wasunsu ba sa hawa mota, sai masauki ya zama kusa da majami'a. Kyautarsu ta kuɗi takan zo 18, ko 36, ko 180, saboda haruffan kalmar "rai" a Ibrananci lissafinsu 18 ne. Maganar Falasɗinu ma ta taso a hanyar Fas, ni na tayar da ita. Na faɗi abin da ke raina ba tare da rufa-rufa ba, sai na tarar su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba. Ba mu daidaita ba, amma ba wanda ya tashi daga kujerarsa.

Fas ni gida ce ta wata fuska, don na sha raka 'yan uwa masu ziyara zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Ban taɓa taka Mella, tsohuwar unguwar Yahudawa, ba sai ranar, ga ta kuwa tun 1438 take nan kusa da fadar sarki. A maƙabartarsu mai fararen kaburbura na ga suna ɗora ƙananan duwatsu a kan kabari maimakon fure. A nan shugabar ta yi musu karatu daga Musa bin Maimun, malaminsu da ya zauna a Fas a ƙarni na 12, wanda ya kasa sadaka hawa takwas. Su "tsedaka" suke cewa, kunnena kuwa sadaka yake ji. Hawa mafi girma shi ne ka tsayar da mutum da ƙafarsa har ya daina buƙata. Mai bi masa, ka bayar ba ka san wa ka ba, shi ma bai san wa ya ba shi ba. Na tuna hadisin wanda hannunsa na hagu bai san abin da na dama ya bayar ba.

Sai na tambaye ta abin da ke damuna tun benen nan: in haka ne, me ya kawo su ido da ido da masu karɓa? Ta ce shi ya sa ba wadda ke miƙa ko sisi hannu da hannu a tafiyar. Kuɗi yana bi ta asusu, tsohuwar ba ta san dalar wa ta sayi maganinta ba. Ƙafa kuma aikinta daban, ta zo ta ce ba a manta da ke ba. Mu ma ai mun ce zumunci a ƙafa yake. Na yarda da ita, da sharaɗi ɗaya da na gani da idona: sai in mai zuwan ta yarda ta zama baƙuwa, a ba ta, ta karɓa.

Daren ƙarshe suka zauna da'ira a masauki, kowacce ta faɗi abin da ya tsaya mata a rai, ta rubuta alkawarin abin da za ta bayar a shekarar. Ba a buƙaci tafinta ba, na zauna a gefe. Mai hoton nan ba ta yi maganar kuɗi ba, ta roƙe ni in rubuta mata yadda ake dafa dafina daga bakin tsohuwar.

Ranar Alhamis da ta biyo baya na koma benen da takarda da biro. An gyara na'urar ruwan. Tana buɗe ƙofa ta ce, "'Yata, kin makara, shayin ya kusa hucewa." Ta zaunar da ni, ta fara daga yadda ake jiƙa wake tun daren Alhamis.