Muryata Na Ji Ta Bayan Katanga

Daren Alhamis na fito rufe ƙofa, sai na hangi ɗan ƙanena zaune cikin mota a ƙofar gidansa, waya a kunne, yana ta "to ranka ya daɗe, gobe da sassafe". Goma ta wuce. Da ya shiga, ko minti biyar ba a yi ba na ji shi yana yi wa matarsa tsawa, wai miya ta huce. Jikina ya yi sanyi, don muryata na ji.

A 2005 ina aiki a wani banki a Kano. Tun a 2004 Babban Bankin Najeriya, zamanin gwamnansa Charles Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen Disambar 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Mu na ƙasa aka jibga wa kayan: kowa da adadin kuɗin da zai kawo, in ya gaza takardar sallama na jiransa. Kullum ina tsakanin Kantin Kwari da Singa ina lallaɓa 'yan kasuwa. In fita bayan asuba, in dawo bayan isha da ciwon kai, in haɗiyi Panadol, in tauna goro. Wulaƙancin da na shanye a ofis, a gida nake amayar da shi. Yara da sun ji ƙarar babur ɗina sai su watse.

To amma ya zan yi? 'Ya'ya biyar, ga mahaifiya, har kuɗin makarantar shi wannan yaron daga aljihuna ya fita. Da na zauna ina hutawa, wa zai ci da su? Har yau ina faɗa wa kaina haka, kuma gaskiya ne. Sai dai babu manajan da ya ce in je in daka wa 'yar shekara tara tsawa don ta zubar da ruwa. Wannan ni na yi. Yau tana da 'ya'yanta, amma in na shigo falo sai ta gyara zama ta yi shiru.

Bayan shekara biyu jiri ya kayar da ni a wurin aiki. Aka auna jinina, 180 bisa 110. Likita ya ce jiki in ya ji barazana yakan saki sinadarai, adiranalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau. Na gudun haɗari ne na ɗan lokaci, ni kuwa na shekara a haka. Ko da yake hawan jini akwai shi a danginmu, ƙila ko ba banki zai zo. Tun ranar nake shan ƙwaya kullum. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Ni na fi saba'in.

Na so in jera muku shawarwari goma. Ga abin da ya rage. Ku auna jininku, in ya kai 140 bisa 90 ku ga likita. Ku yi barci, awa bakwai. Ku yaran yanzu ku ce aiki ya kashe ku, alhali kuna kan TikTok har biyun dare, gari ya waye ku ɗura lemon ƙara kuzari na gwangwani! Ku kashe waya bayan isha. To, in shugabanka ne ya kira, ɗauka, aiki ba ya samuwa yanzu, kada wani ya ce ni na sa shi ajiye nasa. Amma gaya wa matarka abin da ke cin ka, da baki, kafin ta ji shi a tsawa.

Da safe na tare ɗan ƙanen nawa. Ya ce, "Baffa, ba komai, gajiya ce kawai." Na ce ranar Asabar ya shirya, ni zan kai shi a auna jininsa.