Rim da taya a kan hot rod: illar yanke aksul kafin taya ta iso

Kuskuren da ya fi cin kuɗi wajen haɗa hot rod, wato tsohuwar mota da aka sake ƙerawa aka ƙara mata ƙarfin inji, a ƙafar baya yake, kuma hanya ɗaya yake biyowa. Oga ya ƙosa ya ga mota ta tsaya da ƙafarta, sai ya ce a yanke aksul a yi walda, rim da taya a saya daga baya.

A ce Ford ce ta 1932, wadda Amurkawa suka fi ƙauna a wannan harka, an sa mata aksul ɗin Ford mai inci 9 (girman babbar giyar cikinsa ke nan, ba faɗinsa ba) a baya. An auna bodi, an yanke. Rim 15x8 ya iso, an ɗaura masa taya 255/70R15, sai ga tumbin taya na gugar casis, ko ta leƙo waje daga madigadi. Abin da aka yanke ba ya komawa: sabon gidan aksul, sababbin sanduna, fenti ya tafi a banza. Yaron da aka ce ya riƙe tef kuma shi ake tambaya ina idonsa yake.

Abu uku ke cin awon. Inci 8 da aka rubuta a jikin rim faɗin mazaunin taya ne. Daga leɓe zuwa leɓe kusan inci 9 ne. Don haka rim ɗin da fuskar ɗaurinsa take tsakiya daidai zurfin bayansa inci 4.5 ne. Wanda ya raba 8 biyu ya riga ya kauce da rabin inci a kowane gefe. Zurfin nan ana auna shi ne a kife rim, a gitta miƙaƙƙen ƙarfe a kan leɓen ciki, a sauke tef zuwa fuskar ɗauri, wadda ke zama a jikin diram ko faifan birki. Sannan taya ta fi rim faɗi. Milimita 255 da ke lambar tayar faɗinta ne, wato inci 10, kuma tayoyin kamfani biyu masu lamba ɗaya ba lallai tumbinsu ya zo ɗaya ba. Na ukun shi ne kaurin diram ko faifan birki, da ake mantawa idan an auna aksul tsirara.

Maganin ba shi da tsada. Sayi rim da taya tukuna, ka ɗaura, ka sa iska. Dasa motar a tsayin da za ta yi tafiya, ka gangaro da tayoyin ƙarƙashin madigadi, ka tsayar da su inda ido ya gamsu, da tazarar inci ɗaya daga casis. Yanzu auna daga fuskar ɗaurin wannan rim zuwa ta wancan. Wannan lambar ita ce faɗin aksul har da birki. Kafin waldar ƙarshe, cire sifirin ka ɗaga gefe ɗaya da jak. Aksul ɗin sanda ɗaya ce, idan gefe ɗaya ya hau, saman tayar wannan gefen yana kwantawa zuwa ciki. Motar da ba ta guga a gareji tana iya guga a kwanar farko. Mai cewa “ai sifesa za ta gyara” bai lura ba cewa sifesa, farantin da ake sawa a bayan rim, waje kawai take turawa.

A ƙafar gaba kuma, mayar da birkin diram zuwa na faifai yakan tura rim waje. Sitiyari ya yi nauyi, kowane rami ya fizge shi daga hannu. Auna bayan an sa birki, sannan ka murza sitiyari har ƙurewa hagu da dama, ka duba ko taya na taɓa sandar sitiyari.

Ramukan noti: Ford na 1940 zuwa 1948 biyar ne a da'irar inci 5.5, na baya-baya inci 4.5, wato milimita 114.3 irin ta Camry, Chevrolet kuma inci 4.75, wato milimita 120.65. Rim ɗin BMW mai milimita 120 zai hau wurin 120.65, amma yana lanƙwasa kusoshi a hankali, kada a yarda. Noti mai baki tsini da mai wuya da washa ba sa musaya. Zaren da noti ya kama kada ya gaza kaurin kusar. Kusa mai rabin inci a ɗaure ta wajen Nm 120 (ma'aunin ƙarfin ɗauri), a sake dubawa bayan kilomita 80.

Tsayin taya giya ne. Ninka gudu a mil da lambar giyar aksul da 336, ka raba da tsayin taya a inci. A mil 65 da giya 3.50, taya mai inci 29 tana ba inji juyi kusan 2,640 a minti, mai inci 26 kuma 2,940.

Kada ka haɗa radiyal da taya mai gicciyayyen zare irin ta da a aksul ɗaya. Kada wani abu a ƙasan mota ya sauka ƙasa da leɓen rim, in ba haka ba ranar faci ƙarfe ne zai taɓa kwalta. Tayar da ta daɗe a shago kuma a karanta lambobi huɗu na ƙarshen lambar DOT da ke jikin taya, su ne lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.