Daga allon zane zuwa wayar wuta

Shekara tara na yi ina zanen kayan injina a wani gidan ƙira da ke Kakuri, a Kaduna. Idan wani ƙarfe ya karye a masaƙa, sai a kawo mana shi a nannaɗe cikin tsumma. Ni zan auna, in zana shi ta gaba, ta sama da ta gefe, in rubuta awon kowane lungu, sannan masu injin sassaƙa ƙarfe su fitar da sabo. Da allo da fensir na fara, da alƙalamin Rotring da reza ta kankare tawada idan hannu ya goce. Daga baya maigidanmu ya sayo kwamfuta, na koyi manhajar zane ta AutoCAD da daddare bayan an tashi. Ina son aikin nan ƙwarai. Har yau idan na ga zanen da aka tsara da kyau, raina yakan yi fari.

Wata rana aka ce in zana fuli da mazaunin wata motar lantarki mai juya injin niƙa. Na tsuguna ina kwafe abin da ke rubuce a farantin jikinta, sai na ga an sa tana juyawa sau 1450 a minti ɗaya. A littafina na makaranta kuwa 1500 na sani. Na tambayi dattijon da ke mana wayarin, na ce, "Baba, hamsin ɗin nan ina ta tafi?" Ya ajiye filayarsa ya ce, "Ɗana, maganaɗisun da ke cikin naɗin waya shi ke gudun 1500. Ƙarfen tsakiya bin sa yake yi a baya. Ranar da ya kamo shi, ranar zai daina samun ƙarfin juyawa." Na kwana ina juya maganar. Shekaru ina zana gangar jikin motoci irin wannan, har ramin noti na san awonsa, amma abin da ke motsa su ban taɓa ganinsa ba.

A lokacin masaƙu sun fara mutuwa. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, ta UNTL ta bi baya a 2007, kuma duk masaƙar da ta rufe, da ita ake rufe ƙofar abincinmu. Akwai watan da zane uku kacal na yi. Masu wayarin kuwa ba su zauna ba, domin kowa na sayen janareta, kowa na haƙa rijiyar burtsatse. A 2008 na sake rubuta JAMB, na shiga aji ɗaya a sashen injiniyan lantarki ina da shekara 31, da mata da 'ya'ya biyu. Diflomata ta kanikanci ce, kuma na riga na san tushen lissafina ya yi tsatsa, shi ya sa ban nemi tsallake aji ba. Wannan shawara ita ce mafi alheri a duk waɗanda na yanke. Da zanen ƙofofi da tankunan ruwa da nake yi wa masu walda ranar Asabar muka ci abinci shekara biyar ɗin nan.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sauya ido. A zanen injina, layi abu ne: idan ka ja santimita goma, akwai ƙarfen da tsawonsa ya yi daidai da haka bisa ma'auni. A zanen lantarki, layi alaƙa ce kawai. Ɗan gajeren layi yana iya zama kebul mai tsawon kilomita biyu, layi guda kuma yana iya wakiltar waya uku. Aikin gida na farko da na miƙa, na zana kwantakta da bireka, wato na'urorin haɗa wuta da yanke ta, da kamanninsu, har da inuwa. Malamin ya dawo mini da takardar ya ce, "Malam, zanenka ya yi kyau, amma nuna mini ta inda wuta za ta bi idan na danna wannan maɓalli." Na kasa.

Sai kuma lissafin wutar da ke kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, inda ake aiki da harafin j, wato lambar da idan ka ninka ta da kanta za ta ba ka ɗaya ƙasa da sifiri. Yaran ajinmu suna haddacewa su wuce, ni kaina ya ƙi ɗauka. Wani dare na ɗauko tsoffin kayan zanena. Na ja kibiya uku daga ɗigo ɗaya, a madadin wayoyi uku masu kawo wuta, tsakanin kowace biyu digiri 120, kowace tsawonta na wakiltar volt 240. Na haɗa kan kibiya biyu da layi, na sa rula na auna, ya ba ni 415. Ashe lambar da nake gani a jikin kowane fanel a Kakuri daga nan ta fito. Tun daga daren nan, duk lissafin da ya shige mini duhu sai na zana shi kafin in taɓa kalkuleta. Da haka na fahimci abin da ya sa ake tayar da babbar motar injin a haɗin tauraro kafin a mayar da ita haɗin dalta, wato hanyoyi biyu na haɗa naɗin wayarta: wutar da take zuƙa wajen tashi tana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin uku.

Akwai darasin da allo bai koya mini ba. Lokacin wata shida na koyon aiki a aji huɗu, an tura ni wata masana'antar man gyaɗa. Muka kashe bireka, na miƙa hannu zan kwance wata waya a akwatin kafasita. Ma'aikacin da ke kula da ni ya buge hannuna da ƙarfi. Ya sa mita, allura ta tashi. Kafasita tana riƙe caji bayan an yanke wuta. Injin ƙarfe idan ya tsaya kana gani da idonka ya tsaya, ita kuwa wayar da za ta kashe ka kamarta ɗaya da wadda babu komai a cikinta. Tun ranar ban sake taɓa waya ba sai na gwada, kuma sai na fara gwada mitar a inda na tabbata akwai wuta.

Na kammala shekaruna sun haura talatin, don haka takardar yafe bautar ƙasa aka ba ni. Na fara aiki daidai lokacin da aka miƙa kamfanonin rarraba wuta 10 ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, daga baya na yi rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Yanzu fanel-fanel na injinan casar shinkafa da famfunan rijiya nake tsarawa. A nan ne shekaruna tara suka dawo mini da riba. Na san kebul mai kauri ba ya lanƙwasa a ƙaramin lungu, na san dole a bar wurin da hannu da sufana za su shiga, na san zafi sama yake tafiya. Injiniyoyi da yawa da suka fi ni lissafi suna zana akwatin da ba ya haɗuwa a hannun mai ƙira.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne yawan fanel ɗin da nake buɗewa in tarar babu zane, wayoyi babu lamba, wanda ya haɗa kuma ya bar gari. Nawa kuwa, kowace waya da lambarta a baki biyu. Idan an gama aiki nakan gyara zanen ya dace da abin da aka haɗa a zahiri, in sa shi a leda, in manna a bayan ƙofar fanel ɗin daga ciki, tare da kwanan wata.