An buɗe wa mai karatu, an ɗora wa mai rubutu

Duk wanda ke bibiyar maƙalun kimiyya a intanet ya san wannan takaicin. Ka karanta taƙaitaccen bayani, ka ga abin da kake nema ke nan, ka danna, sai a ce sai ka biya. Kuma sau da yawa da harajin jama'a aka yi binciken.

A 2008 hukumar NIH ta Amurka, mai tallafa wa binciken lafiya, ta wajabta wa duk wanda ya karɓi tallafinta ya ajiye maƙalarsa a rumbun intanet na PubMed Central, inda kowa zai iya karanta ta kyauta cikin wata 12 da bugawa. Wata 12 ɗin nan lallashin masu mujallu ne, su fara cin kasuwarsu tukuna. A watan Agustan 2022 ofishin kimiyya na fadar White House ya ce a daina jiran, ranar da aka buga ranar jama'a za su gani, NIH kuwa ta fara aiki da hakan ranar 1 ga Yulin 2025. Turai ma ta fito da nata tsarin, Plan S, tun 2018.

Na yi murna, amma da sauran rina a kaba. Manyan mujallu ba su yi asarar komai ba, kuɗin kawai suka juya kan marubuci. A 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 kan maƙala ɗaya idan ana so kowa ya karanta kyauta. Mai babban tallafi a kasafinsa zai cire, ko a jikinsa. To malamin da ke bincike da albashinsa fa? Yanzu yana karanta aikin kowa, nasa kuma ba ya shiga inda ake gani. Masu tantance maƙalun nan, a tuna, galibi kyauta suke yi.

Shi ya sa matakin Gidauniyar Gates ya burge ni. Daga 2025 ta daina biyan irin wannan kuɗi, ta ce masu tallafinta su saki aikinsu a fili tun kafin mujalla ta buga.

Sharaɗin NIH ma bai ce sai ka biya mujalla ba. Kwafin da aka amince da shi bayan tantancewa, shi za ka ajiye, kuma ajiyewar kyauta ce. Matsalar takan ɓullo ne a takardar yarjejeniyar da mujalla ke turo maka, wadda yawancinmu kan sa wa hannu cikin zumuɗi ba tare da mun karanta wane haƙƙi muka sallama ba.